Wa Muka Cire Daga Layin Riga-kafi?

Ya 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita daga jami'a kuka zauna a ofisoshin gwamnati, ku ba mu aron hankalinku a kan wata magana wadda ba a so a ji ta a zaure, ba a so a ji ta a ɗakin lacca, har a asibiti ma, inda ya kamata a ce nan ne gidanta, sai an sunkuyar da kai ake raɗa ta. Maganar kuwa ita ce ta maza masu neman maza, da cutar ƙanjamau, da maganin riga-kafin da likitoci suka gano yau shekara goma sha. Mun sani sarai akwai wanda da ganin wannan zai ja tsaki, ya yi a'uzu, ya wurgar da mujallar. To, malam, kafin ka wurgar tsaya ka dubi lissafi tukuna.

A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta yi wani gagarumin bincike gida-gida a duk faɗin Nijeriya, aka ɗebi jinin jama'a aka auna. Da sakamako ya fito a watan Maris na 2019, sai aka tarar kashi 1.4 cikin ɗari ne na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar cutar, jimlar masu ita kuwa wajen mutum miliyan 1.9. Aka yi ta murna, kuma murnar tana da dalili, domin a 2001 abin ya kai kashi 5.8 a tsakanin mata masu zuwa awon ciki. Amma fa akwai wani lissafin da ba a buga masa ganga ba, alhali Ma'aikatar Lafiya ce da kanta take sa a yi shi a zaɓaɓɓun jihohi, kuma Kano na ciki tun karon farko. Wannan shi ne na maza masu neman maza. A 2007 an sami kashi 13.5 cikin ɗari na waɗanda aka auna da cutar. A 2010 ya hau 17.2, a 2014 ya hau 22.9, a 2020 ya kai 25. Watau mutum ɗaya cikin huɗu.

Ku lura da wani abu a cikin binciken nan. Mata masu zaman kansu da ke gidajen karuwai, waɗanda su ma ba wanda ya taɓa yabon sana'arsu a kan mumbari, nasu lissafin ƙasa ya yi ta yi: daga kashi 37.4 a 2007 ya sauko 19.4 a 2014. Ba wai sun tuba ba ne a cikin shekara bakwai. Abin da ya faru shi ne an bar ma'aikatan lafiya sun shiga gidajen nan da rana tsaka, sun raba kororon roba, sun yi gwaji, sun ba da magani, ba wanda ya kama su. Inda aka buɗe wa ma'aikacin lafiya ƙofa cuta ta ja baya, inda aka rufe kuwa ga abin da muka girba.

Bari mu yi bayanin maganin, tun da yake mun ga har cikin masu karatun kimiyya akwai waɗanda ba su taɓa jin labarinsa ba. Likitoci suna kiransa PrEP. Ƙwaya ce wadda mai lafiya, wanda aka auna aka tabbatar ba ya da cutar, zai riƙa sha don kada ya kamu. An haɗa ta da magunguna biyu, tenofobir da emtirisitabin, waɗanda ke toshe wa ƙwayar cutar hanyar hayayyafa, ta yadda ko ta shiga jiki ba ta samun wurin kafa sansani. A 2010 aka bayyana sakamakon gwajin farko da aka yi da mutum 2,499 a ƙasashen Peru, Ekwado, Barazil, Tailan, Afirka ta Kudu da Amurka. Kamuwa ta ragu da kashi 44 cikin ɗari, amma da aka duba jinin mutanen sai aka ga da yawa ba su shan maganin. A cikin waɗanda aka sami alamarsa a jininsu kariyar ta haura kashi 90. Amurka ta amince da shi a 2012. A 2015 gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Faransa da Kanada, suka nuna ragin kashi 86, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk wanda ke cikin haɗari mai yawa. A jihar da birnin Sidini yake a Ostareliya an ba maza 3,700 maganin nan daga 2016, cikin shekara guda sababbin masu cutar da aka gano a tsakanin irin waɗannan maza suka ragu da kashi ɗaya cikin huɗu a jihar baki ɗaya.

Ba tsafi ba ne, yana da ƙa'ida. Sai an yi gwaji kafin a fara, a kuma riƙa maimaitawa duk wata uku, domin wanda ya riga ya kamu in ya sha wannan kaɗai zai koya wa cutar jure magani ne. Ba ya hana ciwon sanyi, ba ya hana tunjere. In kuwa an tambaya me ya sa aka fi damuwa da waɗannan maza, amsar tana cikin halittar jiki: masana sun ƙiyasta cewa a saduwa 10,000 ta dubura da mai cutar, ba tare da kariya ba, wanda ake sadu da shi zai iya kamuwa sau 138, alhali ga mace a saduwar da aka saba sau 8 ne. Fatar wurin ce ba ta da kauri, ita kuwa ƙwayar cuta ba ta karanta kundin shari'a ba.

To, ga magani, ga masu bukata. Me ya shiga tsakani?

Abu na farko doka. Tun zamanin Turawa kundin hukunci na Arewa ya tanadi ɗaurin shekara 14 a kan wannan aiki, kana daga shekarar 2000 jihohi 12 suka kawo nasu kundin na shari'ar Musulunci mai hukunci mafi tsanani. Duk wannan bai ishe mu ba, sai a watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi. Wa ya taɓa zuwa majalisa ya ce yana neman a ɗaura masa aure da namiji a ƙasar nan? Ko ma dai mene ne, dafin dokar ba a maganar aure yake ba. Yana cikin sashen da ya ce duk wanda ya taimaka wa ƙungiya ko taron irin waɗannan mutane zai sha ɗaurin shekara 10. Ma'aikacin lafiyar da ya tara samari goma a ɗaki yana koya musu yadda ake shan ƙwaya, shin taro ya yi ko bai yi ba? Dokar ba ta faɗa ba, ta bar wa ɗan sandan da ya fasa ƙofa ya yanke. A watan da aka sa hannun nan jama'a suka yi wa wata kotun shari'a ruwan duwatsu a Bauchi suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma. A Agusta 2018 aka kama maza 57 a wani otal a Legas, aka jera su gaban 'yan jarida, aka gurfanar da 47, sai a Oktoba 2020 kotu ta kori ƙarar don masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidu. A Oktoba 2023 aka kama mutum 76 a Gwambe. Ba a ci su da laifi a Legas ba, amma fuskokinsu sun riga sun zaga duniya.

Abin da tsoro ya haifar an auna shi. Akwai wani asibitin bincike a Abuja da ke kula da irin waɗannan maza tun 2013, saboda haka likitocinsa sun ga halin mutanensu kafin doka da bayanta. A rahoton da suka buga a 2015, masu cewa suna tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari, masu ƙaurace wa asibitin ɗungum daga 20 zuwa 28. Wani nazarin da aka buga a 2023, wanda ya haɗa ƙasashe 10 na Afirka, ya tarar cutar ta fi yawa ƙwarai a tsakanin waɗannan maza a ƙasashen da ke hukunta su, ta kuma fi ƙamari inda ake kame da gurfanarwa. Abin dariya, in da abin na dariya ne, shi ne a cikin 2014 ɗin nan dai aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa wadda ta wajabta wa ma'aikacin asibiti riƙe sirrin majiyyaci, aka kuma yi dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau. Hannu ɗaya ne ya rattaba duka ukun. Ɗaya ta ce zo asibiti asirinka a rufe, ɗaya ta ce in ka zo tare da abokanka mu kama ku.

Abu na biyu ya fi doka kusa da mu, domin bakinmu ne. Masu karatun likita a cikinmu sun sha gani a lokacin zagayen ɗakunan majiyyata: saurayi ya zo da ciwo a wurin da ke tona asiri, kafin ya ɗaura wando labari ya kai ɗakin shan magani, wata ta leƙo ta gan shi, wani ya karanta masa wa'azin da bai zo nema ba. Wannan saurayi ba zai sake dawowa ba, kuma zai gaya wa abokansa goma kada su zo. Ga kuma kwalbar maganin kanta. Ƙwayoyin riga-kafin nan suna cikin irin waɗanda masu cutar ke sha, kwalbar ma kusan iri ɗaya ce. Ɗalibin da ke kwana da mutum shida a ɗaki, ko magidancin da matarsa ke gyara masa aljihu kafin wanki, ina zai ɓoye kwalba mai ƙara kamar caki? In an gani, ko a ce yana da ƙanjamau, ko a tambaye shi abin da yake tsoro. Sai ya zaɓi ya bar maganin.

Yanzu sai mu juyo ga masu ja da mu, kuma ba mu raina su ba, don a cikinsu akwai iyayenmu da malamanmu. Suna cewa addini ya haramta wannan aiki, Musulunci da Kiristanci duka, saboda haka ba da maganin nan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Ba mu zo yin fatawa ba, ba mu da wannan matsayi. Tambaya muke yi. Direban da ya sha giya ya faɗa rami, in an kawo shi asibiti ana ɗinke shi ko ana barinsa ya zubar da jini don ya ji a jikinsa? Ɓarawon da aka harba, likita yana cire masa harsashi ko kuwa? Mazinacin da ya kwaso ciwon sanyi fa, wa ya taɓa hana shi allura? Ba mu taɓa jin malamin da ya ce jinyar waɗannan yarda ce da laifinsu ba. Malaman nan dai su ne suka karantar da mu cewa tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, cewa an hana bin diddigin asirin mutane, cewa ƙofar tuba a buɗe take muddin da numfashi. Wanda ke fatan mutum ya shiryu, ai ya kamata ya fi kowa son mutumin ya kai gobe da ransa.

Suna kuma cewa in an cire tsoron cuta abin zai yaɗu. Gaskiya ne a wasu ƙasashe an ga masu shan maganin sun rage amfani da kororon roba, an ga ciwon sanyi da tunjere sun ƙaru a cikinsu, ba za mu ɓoye wannan ba. Amma shi ya sa ake kiransu gwaji duk wata uku, a gano a warkar. Tsoron cuta kuwa an gwada shi. Tun 1986 da aka ba da sanarwar mai ƙanjamau na farko a ƙasar nan ake tsorata mutane da kabari, an haɗa da kurkuku, an haɗa da bulala, ga shi lissafi ya tashi daga 13.5 zuwa 25. In da tsoro magani ne da tuni an warke.

Akwai masu cewa duk wannan shirin Turawa ne, cutar tasu, ɗabi'ar tasu, maganin ma tarko ne. Zargin magungunan waje ba mu ga laifin mai yinsa ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 cikin 200 suka mutu, aka yi ta shari'a har kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 75 a 2009. Amma mun kuma ga abin da zargi marar bincike ya jawo a 2003, da aka dakatar da allurar shan-inna, cutar ta tsallaka ƙasashe ta gurgunta 'ya'yan talakawa. Maganin nan ba sabo ba ne, tenofobir yana cikin abin da 'yan Nijeriya fiye da miliyan ke haɗiya kullum don su rayu. Batun cewa ɗabi'ar baƙuwa ce kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Harshenmu yana da sunayen abin tun kafin a haifi kakannin waɗanda suka kawo kwamfuta, kuma masu yi suna da nasu sunan da suke kiran junansu, masu harka. Kada ma a ɗauka 'yan daudu kaɗai ake nufi. Ɗan daudu ana ganinsa a bakin tasha yana tuyar kaji, kuma ba kowannensu ne ke wannan harka ba. Mafi yawan waɗanda muke magana a kansu ba su da wata alama. Suna cikin ajinmu, suna cikin ofis ɗinku, wasu da rawani, wasu da kwat.

Wannan ne ya kawo mu inda maganar ta fi ciwo. A ƙasarmu namiji ba ya zama gwauro har abada, dangi ba za su bari ba. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan maza a biranen Nijeriya ya tarar kusan rabinsu suna saduwa da mata ma. Watau wanda muka kora daga layin riga-kafi, gobe shi ne angon ƙanwarmu. A watan Mayu na 2024 Gwamnan Kano ya sa hannu a dokar tilasta gwajin jini kafin aure, har da na ƙanjamau, kuma mun yaba. Sai dai gwajin ranar ɗaurin aure yana faɗin halin da ake ciki a ranar ne kawai. Bayan shekara biyu fa? Yarinyar da aka kai ɗakinta da lafiyarta, ba ta san kowa ba sai mijinta, wa zai kare ta? Sau da yawa ba ta sanin abin da ya same ta sai ta je awon ciki, in ma tana zuwa. A 2020 an ƙiyasta yara wajen 21,000 ne suka kamu da cutar a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai mu. Ba mu ce duka ta wannan hanya suka samu ba, ko kusa. Amma kowace ƙofa da cutar ke bi ta shiga ɗakin aure, wanda ya hana a rufe ta yana da kaso a cikin alhakin. Wanda ya ce a bar su su mutu, ya sani ba su kaɗai za su tafi ba.

Sa'an nan ga abin kunyar da ya shafi masu mulki. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a kan maganar ƙanjamau ɗin nan, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya. Mai masaukin baƙi ko rabin wannan bai cika ba. Aka bar wa Amurka da Asusun Duniya kaso mafi tsoka na kuɗin magani. Shirin PEPFAR da Shugaba George Bush ya kafa a 2003 ya kashe fiye da dala biliyan 6 a ƙasar nan. 'Yan ɗakunan shan maganin da waɗannan maza ke iya shiga ba tare da fargaba ba, kusan duka da kuɗin waje ake biyan hayarsu. Gwamnati ta sami abin da take so: a gida ta yi doka ta sami tafi, a waje ta miƙa hannu a yi mata aikin da take jin kunyar yi. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Ran 20 ga Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da taimakon ƙasashen waje, a watan Fabrairu aka fito da takardar da ta ce kuɗin Amurka ba zai sayi maganin riga-kafi ba sai don mata masu ciki da masu shayarwa. Masu cewa Turawa ne ke tura mana wannan magani, ga Turawan sun janye shi, kuma waɗannan maza suka fara cirewa. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don toshe giɓin, madalla. Muna so mu ji ko nawa ne a ciki aka rubuta wa rukunin da mutum ɗaya cikin huɗu ke da cutar.

Ilimi dai bai tsaya jiranmu ba. Tun 2021 akwai allurar kabotegirabir da ake yi duk wata biyu. A 2024 aka gwada wata, lenakapabir, wadda ake yi sau biyu kacal a shekara: a cikin 'yan mata fiye da 2,000 da aka yi wa a Afirka ta Kudu da Yuganda ba ko ɗaya da ta kamu, a gwaji na biyu mai yawan maza masu neman maza kuwa mutum 2 ne cikin fiye da 2,000. Amurka ta amince da ita a Yuni 2025 a kan kuɗi sama da dala 28,000 a shekara, amma a Satumba 2025 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Indiya su yi ta a kan dala 40 ga ƙasashe matalauta daga 2027. Allura ba ta da kwalba, ba ta ƙara a aljihu, ba mai ganinta a ƙarƙashin katifa. Rabin abin da ke hana mutanen nan karɓar riga-kafi ta kawar da shi.

Saura rabin yana hannunku, ku da ke rubuta takardun ma'aikata. Ba minista ke tsara jerin waɗanda za a fara yi wa allura ba, ƙaramin jami'i ne mai digiri ɗaya ke zana shi, manya su sa hannu. In takardar ta zo teburinka, za ka ga layin da aka rubuta waɗannan maza, za ka kuma ji wani na gefe yana cewa a goge shi kada a jawo surutu. Muna roƙonka ka bar layin nan. Ba sai an jira majalisa ta taɓa wata doka ba kafin kwamishinan lafiya ya aika wa asibitoci takarda cewa duk baligin da ya nemi riga-kafi a auna shi a ba shi, kada a tambaye shi da wa yake kwana, kuma ma'aikacin da ya fitar da sirrin majiyyaci a hukunta shi da dokar 2014 da ke nan tana shan ƙura. Ba sai an jira kowa ba kafin a gaya wa 'yan sanda cewa ɗakin shan magani ba wurin farauta ba ne.

Mu ma a nan muna da namu. A zaman majalisar ɗalibai mai zuwa za mu kawo ƙudurin neman asibitin makaranta ya riƙa ajiye maganin nan, a ba da shi a ɗakin da ake ganin kowane majiyyaci, kada a ware masa wata ƙofa da za a riƙa ƙirga masu shigarta, kuma a daina rubuta abin da ya kawo mutum a bayan katinsa inda na bayansa a layi zai karanta. Mun san za a yi mana ihu a zauren, wataƙila a raɗa mana suna. Masu karatun likita da na harhaɗa magunguna, ku zo da alƙalumanku ku zauna a sahun gaba, don za a yi tambayoyin da ku ne za ku iya amsa su.